Gwangwanin Kolajen da Kwanon Sa'ade

Zango, Wagadugu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sa'ade da 'yar jaririyarku. Allah Ya kai ku Bobo lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masauki, Ya sa sabon wurin aikin nan ya karɓe ka, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari.

Za ka yi mamaki da na miƙa maka takarda a tasha alhali ga waya a hannun kowa. Na san halinka ne. In na yi maka saƙon murya, za ka saurara kana kwance ƙarƙashin mota kana ɗaure ƙusa, ka ce "to, Inna," shi ke nan magana ta wuce. Takarda kuwa sai an zauna. Ka karanta bayan kun sauka kun huta, in ka gama ka ba Sa'ade, ba abin da na ɓoye mata a ciki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Ranar da aka yi walimar sallamarku ka shigo ɗakina da gwangwani biyu na garin kolajen, ka ajiye a kan akwatina, ka ce, "Inna, ga maganin ƙashinki. Duk wata zan aiko. Ke dai ki bar fita kasuwa, ki zauna ki huta." Na sa maka albarka kawai, don gida cike yake da mutane. Washegari da rana kuma ina zaune a tsakar gida, ina kallon Sa'ade, da goyo a bayanta, ta kwashe naman da ke kwanonta ta juye a naka, ta ja shinkafa da romo gabanta. Ka ce, "Ke fa?" Ta ce, "Na ci nawa a wajen girki." Ka yarda, ka ci gaba da ci.

Wannan amsa tata na san ta sarai, don ni ma da ita na yi zaman aure. Tun muna tsohon gida wajen Kamsaoghin, kafin rusau ya tashe mu, babanku, Allah Ya jiƙansa, in ya dawo daga hanyar Lome da kamiyo, babbar motar kaya, ba ya shigowa hannu biyu. Wani lokaci zabi, wani lokaci cinyar akuya, wani lokaci kifi ƙyafaffe a nannaɗe cikin takardar siminti. In dafa, in ɗebar masa, in raba muku, in tura wa baƙin da ba sa yankewa a zaurenmu. Ya ɗaga kai ya ce, "Rabi, ina naki?" In ce, "Na ci a bakin murhu, Malam." Ba shi ya hana ni ba, kada ka ɗora masa. Ni ce na ɗauka kunya ke nan, tarbiyya ke nan, mace ta gari ba a ganin nama a bakinta. Haka na haife ku, na shayar da ku ɗaya bayan ɗaya, abincina tuwo da miya. Da na fara zaman kasuwa a Sankaryaaré ina sayar da atamfa, sai ya koma shayi da burodi da goro. 'Yar Fulani ta wuce da ƙwaryar nono, in saya muku a leda, ban taɓa tunanin in sha ba, a ganina nono na yara ne. Kusa da rumfata akwai Bamosiya mai sayar da benga, waken nan da kake so, kullum sai ta ce, "Hajiya, in zuba miki?" In ce na ƙoshi.

Ba zan ce maka rashin cin nama kaɗai ya cinye mini ƙashi ba, likita ma ba ta ce haka ba. Ta ce akwai shekaru, akwai abin da ke samun jikin mace bayan jinin al'ada ya ɗauke, akwai gado, kuma gaskiya ne mahaifiyata a duƙe ta ƙare rayuwarta. Amma ta ce ƙashi a ƙuruciya ake tara masa ƙarfi, daga baya jiki ɗiba yake yi, ni kuwa ban tara abin kirki ba. Don haka, Habibu, in matarka ta ce ta ci a wajen girki, kada ka yarda. Kada kuma ka yi mata faɗa, don ba ƙarya take nufi ba, ƙauna take nufi. Ka jawo kwano ɗaya ku ci tare, ka raba naman da hannunka tana gani. A Bobo babu ni, babu baƙin zaure, ba wanda za ta ji wa kunya sai kai.

Ka tuna lokacin da hannuna ya karye a bakin famfo. Santsi ne kawai ya ɗebe ni na dafa ƙasa, faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya kaɗe riga. Aka kai ni wajen mai ɗori, ya ɗora, hannu ya kama, na gode wa Allah na koma kasuwa. Mutumin ya iya aikinsa, ban ga laifinsa ba. Amma ni ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi 'yar wannan faɗuwa ta karya ƙashin babbar mace ba. Bayan nan sai na lura hijabaina da riguna sun fara jan ƙasa. Na ɗauki moto, wato babur, har Wemtenga wajen Isufu tela, na zazzage masa masifa a gaban yaran shagonsa, na ce yana ɓata mini yadi. Ya bari na gama, ya ce, "Hajiya, awon da na ɗauka miki tun tuni shi nake bi, ban ƙara ko yatsa ɗaya ba. Ke ce kike raguwa." Na kwashe kayana na canza tela. Sabon ya yi sabon awo, kaya suka yi mini daidai, na ce ai ka ga, da ma laifin Isufu ne.

Wannan ciwo ba ya sallama, ba zazzaɓi, ba kumburi. Mutum na ganin yana lafiya har ranar da wani abu ya karye. In ka ga babba ya karye a ƙaramar faɗuwa, ko tsawonsa na raguwa, ko bayansa na lanƙwashewa, ko a gidan surukanka ne, ka ce a je asibiti a duba ƙashin kansa, ba wurin da ya karye kaɗai ba. In kuma mai yi maka aiki ya gaya maka abin da ba ka so ji ba, ka kwana da maganar kafin ka yi fushi. Na koma wajen Isufu daga baya na ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ce shi bai riƙe ni ba, har yau shi ke mini ɗinki.

Yayarka Hadiza ce ta matsa mini in je asibiti da ta ga ciwon baya ya ƙi barina. Lokacin kana Lome wajen koyon gyaran manyan motoci, shi ya sa mafi yawan abin da zan faɗa yanzu ba ka san shi ba. Aka kwantar da ni ƙarƙashin na'urar auna ƙarfin ƙashi. Likitar mace ce, ba ta jin Hausa sosai, da Mosanci muka yi magana. Ta ce, "Maman, kin san itacen da gara ta ci? Daga waje lafiya lau, ciki duk rami. Haka ƙashinki ya fara zama." Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci, osteoporoz. Ta rubuta mini kalsiyom da bitamin, da wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, ciki babu komai, da kofi cike da ruwa, kuma ba a kwanciya ba a duƙawa sai an ɗan jima.

Na sha na ɗan lokaci. Amma ƙwayar na sa ni ƙwannafi, ga shi ni mai son in ɗan kishingiɗa ce bayan sallar asuba, ga shi ban ji wani canji a jikina ba. Ana haka Hajiya Ladidi ta iso daga Kano. Ka san ta, wajenta nake sarin shadda tun kana ƙarami. Wannan zuwa har da kwalayen kolajen ta kawo. Ta buɗe gwangwani ɗaya a rumfata, ƙamshi kamar na madara, ta ce, "Hajiya Rabi, wannan ba irin maganin asibiti ba ne mai taɓa ciki, abinci ne. Daga ƙashi da fata aka yi shi, ƙashi yake komawa. Dubi fuskata, dubi yadda nake tashi ba na dafa gwiwa." Maganar ta shige ni, don a kunne daidai take: abin da aka ciro daga ƙashi ai ƙashi zai gyara. Na riƙa dama shi cikin koko da safe. Bayan 'yan makonni na ji kamar gwiwata ta saki, ko shi ne, ko raina ne, Allah Ya sani. Na ɗauki ƙwayar likita na jefa cikin langa na rufe. Ban tsaya nan ba, a Islamiyya na riƙa yaba shi, mata suka saya saboda sun san ba na faɗin abin da ban gwada ba.

Rannan da hantsi wata mai saye ta ce in nuna mata wata atamfa da ke ƙasan tebur. Na duƙa na jawo ƙullin, bai ma kai nauyin jaririyarku ba. Na ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayana, numfashina ya ɗauke, na kasa miƙewa na kasa zama. Mai bengar nan ce ta bar tukunyarta ta riƙe ni, ta sa aka nemo taksi. Hoton asibiti ya nuna ƙashi ɗaya na gadon bayana ya murƙushe.

Da likitar ta zo kaina ta tambaye ni ko ina shan maganin. Na ce wa Hadiza ta ciro gwangwanin daga jakata. Likita ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta jawo kujera ta zauna. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Maman, wannan ba guba ba ne. Amma in kin sha, cikinki narkar da shi yake yi kamar kowane abinci, jiki ya raba inda ya ga dama. Ba ya ɗaukar hanya ya tafi ƙashin baya don daga ƙashi ya fito. Wataƙila yana ɗan taimakawa, masana na kan dubawa. Amma bai isa ya tsaya a madadin maganin da ke hana ƙashinki zaizayewa ba." Na gaya mata ƙwannafin. Ta ce, "Da kin dawo kin faɗa mini, da na canza miki. Maganin ba iri ɗaya ba ne." Sannan ta sake duban gwangwanin ta ce, "Ke Musulma ce, bari in gaya miki wani abu. Ana yin wannan gari da fatar saniya, ana yi da kifi, ana kuma yi da alade. Yawanci sukan rubuta a jiki. Wannan bai rubuta ba, ni ma ban san ko na mene ne ba."

Habibu, ciwon bayan bai kai wannan magana tayar mini da hankali ba. Na aika aka tambayar mini malamarmu ta Islamiyya, ta ce abin da mutum ya ci bisa rashin sani Allah ba Ya kama shi da shi, amma in dakata har in tabbatar. Ina kwance na sa Hadiza ta kira mini matan da suka saya ta dalilina, ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu da bakina. A cikinsu akwai wadda ita ma ta ajiye maganin asibitinta saboda maganata. Alhamdu lillahi, ta koma kansa kafin wani abu ya same ta. Hajiya Ladidi ta zo duba ni, na faɗa mata. Ta ce, "Wallahi, Hajiya Rabi, ni ma shi nake sha, shi nake ba mahaifiyata." Ta kira wanda ya sayar mata a gabana, ya yi ta kewaye-kewaye bai ba ta amsa ba. Daga ranar ta bar kawo irinsa. Har yau aminiyata ce, ba cutata ta yi niyya ba, ita ma yarda ta yi kamar yadda na yarda.

Kai kuma ka dawo hutu kafin karayar bayan nan ka gan ni ina dama gari da fara'a, ka dawo bayan ta ka tarar na fara tashi, sai ka haɗa biyun ka ɗauka garin ne ya tashe ni. Ba shi ba ne. Magani ne da abinci da tafiya, bayan ikon Allah.

To ga abin da nake so ka riƙe. Duk abin da zai shiga cikinka ko cikin iyalinka, ka san daga me aka yi shi. Ka yi lakwal, makarantar boko, kana karanta Faransanci, ka juya gwangwani ka karanta, in ba a rubuta ba ka ajiye. In likita ya ba ku magani ya dame ku, ku koma ku faɗa, kada ku yanke hukunci a ɗaki. Kuma kada ka yaba wa mutane magani don ka ji daɗinsa a jikinka. Kai mutum ne da ake jin maganarka a gareji, wanda ake jin maganarsa kuwa shi ya fi cancanta ya tauna ta kafin ya furta.

Saura batun kasuwa, nan ne ba zan bi maka ba. Zaman da kake so in yi na riga na gwada shi. Bayan an sallame ni tsoro ya kama ni, na ga kamar ko tari na yi wani ƙashi zai karye. Na lafe a ɗaki, ruwan alwala ma kawo mini ake yi, rana ba ta ganina. Kafin in ankara ƙafafuna suka zama kamar ba nawa ba, in na tashi sai ɗaki ya juya. Da na koma asibiti likita ta ga Hadiza na tallafe da ni, ta ce, "Wa ya ce ki zauna?" Na ce ina tsoron faɗuwa. Ta ce, "Mai zama shi ya fi faɗuwa, don naman ƙafarsa ya mutu. Ƙashi kuma sai ana taka shi yake riƙe ƙarfinsa." Ta tura ni wajen masu motsa jiki. Na fara daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa bakin masallaci, har na koma rumfata.

Ba ganganci nake yi ba. Na bar ɗaga ƙulli, mai saye ke jawo abin da take so. Na sa an ɗaga teburin, na bar silifas mai santsi, an gyara simintin bakin famfo, an sa fitila a banɗaki. Na bar hawa bayan moto a hanya mai ramuka. Benga kuwa yanzu ni ke fara miƙa kwano, da ƙwai in na samu, da nono, da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙayarsu, da miyar kuka da zogale. Idan ka zaunar da ni, ka raba ni da ƙafata da mutanena, ba hutu ka ba ni ba. In ranar zama ta zo ni da kaina zan faɗa maka, ba zan ɓoye ba.

Gwangwanayenka na kai su farmasi an karanta mini, na kifi ne, an rubuta ƙarara. Likita ta ce in ina so in sha, ba laifi, muddin ban bar maganina ba. Zan sha su har ƙarshe, don hannunka ne ya kawo. Amma kada ka ƙara aikowa. Abin da za ka kashe a kansu ka sa shi a tukunyar gidanka. Mace mai shayarwa daga jikinta ake ɗiba kullum, ita ta fi ni bukatar kifi da ƙwai da nono a yanzu. Sa'ade, na san za ki karanta nan ki rufe fuska. Ki ci, 'yata. Ba zari ba ne, ba rashin kunya ba ne, ni uwar mijinki na ce ki ci. In yarinyar nan ta girma ku bar ta ta yi gudu da tsalle a rana, ku zuba mata daidai da 'yan'uwanta maza, kada ta taɓa jin cewa nama rabon wani ne.

Zan rufe da albishir da ban yi maka da baki ba, don na san da na faɗa a gabanka kuka za mu yi mu biyu. Ka san tun karayar nan a kan kujera nake sallah, ina sunkuyar da kai kawai. Ban taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, na san Allah Ya karɓa, amma abin na cina. Mai koya mini motsa jiki ya nuna mini yadda zan sauka a hankali, gwiwa tukuna, baya a miƙe, na yi ta gwadawa a gabansa har ya yarda. Ranar Juma'ar da ta wuce, a sallar la'asar, na ture kujerar gefe. Goshina ya taɓa ƙasa, Habibu. Na daɗe ban ɗago ba, kuma a cikin wannan sujada sunanka na fara kira, da na Sa'ade, da na 'yarku.

Don haka ka tafi da zuciya ɗaya, kada ka bar rabinta a Zango. Ka riƙe sallarka, ka riƙe amanar motocin mutane, ka kyautata wa 'yar mutane da ka ɗauko daga gaban iyayenta. Allah Ya tsare fitarku da shigarku, Ya kare ku daga ciwon da ake gani da wanda ba a gani, Ya albarkaci abin da za ku ci, Ya raya mana yarinyar nan bisa imani. Na yafe maka duniya da lahira. Hadiza da mutanen gida duk suna gaishe ku.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarka,
Rabi